Amsoshin Tambayoyinku: Gurguzu da Musulunci a Jam'iyya Ɗaya?

Tambaya: Na ji an ce an taɓa yin wata jam'iyya a Masar da ta haɗa gurguzu da Musulunci. Anya kuwa? Mu dai mun taso muna jin 'yan gurguzu ba su yarda da Allah ba. (Wani mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, an yi ta. Ita ce Jam'iyyar Ma'aikata ta Gurguzu, wadda Ibrahim Shukri, tsohon ministan noma, ya kafa a 1978 zamanin Anwar Sadat.

Abin da ka ji gaskiya ne game da aƙidar Karl Marx, amma Shukri da mutanensa ba wannan suka ɗauko ba. Nasu gurguzun na tattalin arziki ne: manyan masana'antu su zauna a hannun gwamnati, kada a janye tallafin da ke sa talakan Alƙahira ya iya sayen burodi, kada a miƙa wa masu ba da bashi na ƙetare wuya. Hujjarsu kuma daga cikin addini suke zaƙulo ta. Zakka haƙƙin matalauci ce a dukiyar mawadaci, ba alfarma ba. Riba haramun ce. Tun 1959 malamin Siriya Mustafa al-Siba'i ya rubuta littafi guda kan wannan fahimta, kuma malamai da dama sun yi masa raddi, suna cewa Musulunci ba ya buƙatar aron suna.

A zaɓen 1987 jam'iyyar ta yi ƙawance da 'Yan'uwa Musulmi, waɗanda doka ba ta ba su damar tsayawa da sunansu ba. Ƙawancen ya ci kujeru kusan 60 a majalisa, amma fiye da rabi na 'Yan'uwa ne. A ganina daga nan baƙo ya fi mai gida ƙarfi. Kiran aiwatar da shari'a ya koma gaba, kuma bayan babban taron jam'iyyar na 1989 wasu tsofaffin 'yan gurguzun suka fice.

Ƙarfin jam'iyyar dama a jaridarta yake, Al-Sha'ab, mai yawan tona asirin ministoci. A 2000 jaridar ta yi ca a kan wani littafin marubucin Siriya Haidar Haidar da Ma'aikatar Al'adu ta sake bugawa, ta ce ya ci zarafin addini. Ɗaliban Azhar suka fito zanga-zanga. A watan Mayun shekarar gwamnatin Hosni Mubarak ta dakatar da jam'iyyar, ta fake da rikicin shugabanci, ta kuma hana jaridar fitowa.