Darasi na 18: Gwaggo ta Kai Sabulu Baje Koli

Duwala ita ce birni mafi girman kasuwanci a ƙasar Kamaru. Kogin Wuri ya raba ta biyu. Unguwar Sodiko tana Bonaberi, a ƙetaren kogi. Unguwar New Bell kuwa tana cikin gari, kusa da babbar kasuwa. Hausawa sun fi shekara 100 suna zaune a New Bell. Akwai mahauta, da dukawa, da maɗinka, da mata masu sana'a a cikin gida.

Gwaggo tana zaune a Sodiko tare da 'yar wanta, wadda ake kira Auta. Auta tana aji biyar. Sana'ar Gwaggo ita ce haɗa sabulu da man shafawa. Ana kawo mata man kaɗe daga arewa, ta hanyar Ngaundare. Man alayyadi kuma a nan kudu take sayensa, inda kwakwar manja take da yawa. Tana narkar da soda a ruwa, ta zuba a cikin mai, ta yi ta juyawa har ya yi kauri. Soda tana ƙona fata, saboda haka ba a barin yara su matso. Idan an yanka sabulu sai a shanya shi a inuwa kamar mako huɗu, ya bushe, ya yi ƙarfi.

Wata rana aka yi shela za a yi baje kolin sana'ar hannu a New Bell. Gwaggo ba ta taɓa zuwa irin wannan taro ba. A ƙofar gida kawai take ciniki. Ta ɗauki kuɗin adashinta ta sayi kayan haɗi, ta biya kuɗin tebur. Da kuɗin mota da na robobi, duka ta kashe sefa 20,000. Idan ta faɗi, kuɗin littattafan Auta za su gagara.

Ana gobe baje koli suka ƙirga sabulu, suka sami guda 60. Gwaggo ta ware 20 ta mayar kan faranti. Auta ta ce, "Gwaggo, me ya sa? Ai kuɗi ne." Gwaggo ta ce, "Waɗannan makonsu ɗaya kacal, ba su nuna ba. Wanda ya saya ya ga sun narke a kwana uku, ba zai sake dawowa ba." Auta ta ɗauko biro ta rubuta a kan kowace takarda abin da aka haɗa, da Hausa da Faransanci: man kaɗe, man alayyadi, soda, ruwa.

Da asuba suka haye gadar Wuri. Suka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Suka jera sabulu 40, kowane sefa 500, da robar man shafawa 20, kowace sefa 750. Duwala gari ne mai zafi, man kaɗe kuma ba ya son rana. Don haka suka ajiye robobin a inuwa, suka bar guda ɗaya a buɗe don gwaji.

Har hantsi ba wanda ya saya. Can sai ga wata mata ta tsaya, ta yi magana da Faransanci. Auta ta fassara: "Gwaggo, wai man nan yana sa fata ta yi fari? In yana yi za ta sayi goma." Gwaggo ta dubi robobin, ta dubi matar. Ta ce, "Gaya mata a'a. Yana hana kaushi, yana sa fata laushi, amma ba ya canja launin da Allah ya ba mutum." Matar ta wuce. Auta ta sunkuyar da kai, don sefa 7,500 ne suka tafi.

Gwaggo tana da hujja. Wasu mayukan bilicin suna ɗauke da sinadarai masu cutarwa, irin su makuri, wanda ke lalata ƙoda. A shekarar 2022 Ma'aikatar Lafiya ta Kamaru ta hana shigo da irin waɗannan kaya, da haɗa su, da sayar da su.

Ashe wata tsohuwa da ke tsaye a gefe ta ji duk abin da aka yi. Ta matso ta ce, "Baiwar Allah, tunda kin faɗi abin da manki ba ya yi, na yarda da abin da kika ce yana yi." Ta shafa kaɗan a bayan hannu, ta sayi roba biyu. Ta koma ta turo maƙwabtanta. Kafin magariba an sayi sabulu 30 da roba 12. Mutum huɗu suka tambayi kwatancen gidan Gwaggo.

Irin waɗannan ƙananan taruka su ne matakin farko. Daga cikin masu sana'ar da suka yi fice a jihohi ake zaɓar masu zuwa babban baje kolin sana'ar hannu na ƙasa, wanda ake kira SIARC, a Yawunde. Ko a ƙofar gida ko a babban birni, jarin mai sana'a shi ne amana. Hausawa suka ce, gaskiya dokin ƙarfe.

Sababbin kalmomi
sabulu: le savon
man kaɗe: le beurre de karité
man alayyadi: l'huile de palmiste
baje koli: la foire
adashi: la tontine
riba: le bénéfice

Tambayoyi
1. Wane kogi ne ya raba Sodiko da New Bell?
2. Don me Gwaggo ta bar sabulu 20 a gida?
3. Me ya sa aka ajiye man shafawa a inuwa?
4. Nawa Gwaggo ta samu a ranar? Nawa ne ribarta?
5. Da kai ne a wurin, wace amsa za ka ba matar? Faɗi dalilinka.

Aiki
Zaɓi wani abu da ake haɗawa a gidanku. Rubuta sunansa, da kayan haɗinsa, da farashinsa, da Hausa da Faransanci.