Murar da ta ƙi warkewa: me ke faruwa a cikin hanci?

A lokacin hunturu iska tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta zuba mana a Diffa. A wannan lokaci ne kuma manoman bakin Komadugu, daga Shetimari zuwa Geskeru da Bosso, suke shanya tattasai, suna ɗura shi a buhuna. Da yawa daga cikinmu sukan kwana da hanci a toshe. Mura ta yau da kullum takan wuce cikin kwana 10. Amma idan ta kai mako 12 ba ta sake mu ba, to ta zama wata cuta dabam.

Yadda hanci yake

A cikin ƙasusuwan fuskarmu akwai ramuka 8 masu iska, 4 a dama, 4 a hagu. Suna a goshi, da kumatu, da tsakanin idanu, da can bayan hanci. Kowane rami yana da ƴar ƙofa da ta buɗe cikin hanci. An shimfiɗe hanci da ramukan nan da wata fata mai laushi. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka yi ta, ba a ganinsu sai da madubin likita.

Wasu ƙwayoyin suna fitar da majina, ita ke kama ƙura. Wasu suna da gashi siriri, wanda yake kaɗawa dare da rana yana tura majina zuwa maƙogwaro. Aikin ya yi kama da magudanar ruwa a lambu. Muddin tana a share, ruwa yana gudana.

Inda cutar take farawa

Ƙwayoyin nan masu gadi ne. Idan ƙura, ko hayaƙi, ko garin tattasai, ko ƙwayar cuta ta ji musu rauni, sai su saki wasu sinadarai cikin jiki, kamar mai kururuwar neman agaji. Fararen ƙwayoyin jini su taho da yawa, fatar ta kumbura. Kumburin ya toshe ƙofofin ramukan, majina ta kwanta a ciki. Ga wasu mutane kururuwar ba ta tsayawa, har wani tsiro mai laushi ya fito a hanci.

A shekarar 2018, masu bincike a birnin Boston na Amurka sun gano cewa ƙwayoyin da ke haifar da sabuwar fatar hanci suna riƙe alamar kumburin da ya wuce. Mai yiwuwa shi ya sa cutar take saurin dawowa.

Alamomi

Hanci a toshe kullum. Majina mai kauri. Nauyi ko ciwo a goshi da kumatu. Rashin jin ƙanshi. Mai wannan hali ba ya barci sosai, ƙarfin aikinsa a gona yakan ragu. Mai cutar asma kuma, tasa takan tsananta.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu rufe hanci da rawani ko ɗankwali idan muna daka tattasai ko ɗura shi.
2. Mu yi girki a inda hayaƙi yake fita. Mu bar sigari da shaƙar taba.
3. Mu wanke hanci safe da yamma. A tafasa rabin lita na ruwa, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya ba tsororo, a bari ya huce. Kada mu shaƙi ruwan kogi da ba a tafasa ba.
4. Kada mu sayi ƙwayoyi a hannun ƴan talla. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci, idan ya wuce kwana 5, ƙara toshe shi yake yi.
5. Mu je gidan likita. Akwai maganin fesawa mai rage kumburi. Tsiron da ya girma, aiki ake yi a cire shi.

Idan ido ya kumbura, ko gani ya rikice, ko wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi, a kai mara lafiya babban asibitin Diffa a ranar, kada a jira gobe.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.