Yadda Ake Hawan Duwatsun Shere a Sauko Bakin Dam ɗin Lamingo

Duwatsun Shere suna gabas da birnin Jos, tazarar kimanin kilomita 10, kuma ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga doron teku. Babu inda ya fi ta tsawo a duk tudun Jos. Kada adadin ya tsorata ka, domin shi kansa garin Jos yana zaune ne a wajen mita 1,200, ka ga ashe mota ta riga ta yi maka kashi biyu cikin uku na aikin. Abin da ya rage wa ƙafa yini guda ya isa, muddin an yi lissafin tafiyar daga lokacin dawowa, ba daga lokacin tashi ba.

Da farko a zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dutse a bushe yake, ƙafa tana kama shi. Illar hunturu ɗaya ce: ranar da hazo ya yi kauri, sai ka sha wahalar hawa ka isa sama ba ka hango komai. Ni na fi son farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, dam kuma cike yake. Da damina kuwa, ruwan Jos yakan zo da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma falalen dutse in ya jiƙe santsi gare shi kamar an zuba miyar kuɓewa.

Sai neman ɗan jagora. Wannan ba abin a yi rowa ba ne. Ƙauyukan gindin duwatsun na Afizere ne, waɗanda muka fi sani da Jarawa, kuma hanyoyin suna ratsa gonakinsu. A yi sallama, a gaida manya, a tambayi inda ba a shiga da halin da ake ciki ta fuskar tsaro a wannan makon. Akwai kuma makarantar horar da shugabanci ta Man O' War a nan Shere, wadda hawan dutse na cikin darussanta, ana iya neman shawara a can. Kada a tafi ƙasa da mutum uku, kuma a bar wa wani a gida labarin inda aka nufa.

Kaya ba su da yawa. Takalmin kambas mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta saba da shi. Silifas da sabon takalmi duk a bar su a gida. Ruwa lita 2 ga kowane mutum, dabino, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, hula, tocila, da rigar sanyi. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6, ga iska, ga gumi ya jiƙa riga. A zuba komai a jakar goyo don hannaye su zama a sake.

A tashi bayan sallar asuba, gari na wayewa ana gindin dutse. Kafin a ɗaga ƙafa a tsayar da magana ɗaya: ƙarfe 12 na rana za a juyo, an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. A gida kowa zai yarda da wannan. A kan dutse ne gardama ke tashi, sa'ad da wani ya nuna sama ya ce ai saura kaɗan. Dutse yana da wannan yaudara: abin da kake gani kamar ƙarshe, kana isa sai wani ya ɓullo a bayansa.

A hawa, marar ƙarfin cikinku shi ke biye da ɗan jagora, saura su daidaita da shi. Taku gajere, numfashi daidai. In ba ka iya magana kana tafiya, ka yi sauri da yawa. Shingen ƙerana da ke kewaye da gonaki kada a karya shi, domin farin ruwansa in ya shiga ido ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Kada a cusa hannu a tsagar dutse da ba a ga cikinta ba, saboda maciji. Inda ya zama dole a yi rarrafe, a motsa gaɓa ɗaya, uku na riƙe.

Saukowa ita ce ainihin aikin, a nan aka fi targaɗe. Gwiwa ta gaji, hankali ya koma kan abinci. A ƙara ɗaure igiyar takalmi, a sassauta gwiwa, a sauko a karkace inda gangara ta yi tsanani. In ta kama a zauna a ja gindi, a ja, wando ne kawai zai sha wuya. A bar tazara tsakanin juna saboda tsakuwar da na sama ke turowa.

Dam ɗin Lamingo a ajiye shi ƙarshe, wajen la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi duwatsun suka fito a fuskar ruwa. Yana cikin madatsun da Jos ke sha daga gare su, saboda haka in akwai ma'aikatan hukumar ruwa a wurin a nemi izininsu. Ba wanka, ba iyo, kowane irin gwani ne mutum: ruwan dam yana da sanyi a ƙasa, gaɓarsa na iya yankewa farat ɗaya, kuma tsokar da ta wuni kan dutse ba ta da wuyar ɗaurewa. Haka ma kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos, sun fi yadda ido ke nunawa zurfi. A zauna a baki a ci sauran guzuri, a tattara ledoji da gorunan roba a jaka, a kama hanyar gari kafin magariba.