Kafin ka ƙara wa firosesa gudu

Ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur, wato firosesa, tana da gudun da kamfani ya yanke mata. Ana iya tura ta ta wuce nan, sai dai ba kowace ke yarda ba. A wajen Intel sai wadda lambarta ke ɗauke da K, a kan babban allo na jerin Z. Galibin Ryzen na AMD kuwa a buɗe suke, muddin allon na jerin B ne ko X.

Lissafin ba wuya. Agogon tushe megahaz 100 ne, ana ninka shi da wata lamba a cikin BIOS. In lambar 45 ce, gudun gigahaz 4.5 ke nan. Ƙara ɗaya tak, ka adana, ka kunna manhajar gwaji irin Cinebench ko Prime95, idonka na kan zafi a manhajar HWiNFO. In ta jure awa guda, sai ka sake ƙarawa.

Abin tsoro shi ne wutar lantarki. Idan kwamfutar ta sandare, ko dai ka ja baya, ko ka ƙara bolt 0.01, kada dai ka haura 1.35, domin yawan wuta a sannu yake cinye firosesa. Ni ba na barin zafi ya wuce digiri 85. Gwajin da aka yi cikin hunturu kuma ba ya nuna halin da za ta shiga a zafin Afrilu, don haka saya wa firosesar babbar fanka, ka riƙa kakkaɓe ƙura.

In kwamfutar ta ƙi tashi, zare filogi, ka cire ƙaramin batirin allon na minti biyar, saitunan BIOS za su koma yadda suke tun asali. Lalacewar da wannan aiki ya jawo ba ta cikin garanti.