MAI JUNA BIYU A ƘARƘASHIN RUMFAR TARO

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi rumfunan da ake kafawa wajen biki, suna, walima, maulidi da gangamin siyasa. Masu zuwa awo daga Wurno, Rabah, Goronyo da ƙauyuka irin su Sisawa sun san ba a taro sai da rumfa, ko ta gwafa da zana, ko ta kwano, ko kanofin haya mai ƙafafun ƙarfe. Ciki ba ya hana zumunci, amma akwai abubuwan da ya wajaba a kiyaye.

Me ya sa rumfa ke faɗuwa?

Rumfa ba ta da tushe kamar ɗaki. Turaku da igiyoyi ne ke riƙe ta, sau da yawa kuma cikin gaggawa ake kafa ta a kan rairayi. Idan iska ta shiga ƙarƙashin tamfol sai ta ɗaga shi sama, ƙafafun su tuge. A ƙasarmu ta Sakkwato an fi samun irin wannan iska a farkon damina, cikin watannin Mayu da Yuni, kuma takan iso kafin ruwa ya sauko. Ruwan da ya taru a kan tamfol, da matasan da ke hawa ko jingina da ƙarafuna, su ma suna kayar da rumfa.

Ko a ƙasashen da ke da injiniyoyi hakan na faruwa. A watan Agusta na 2011 iska ta kayar da rufin dandamalin wasa a jihar Indiyana ta Amurka, mutum 7 suka mutu. Gobara ma haɗari ce. A aikin Hajjin 1997 wuta ta tashi a tantunan Mina, alhazai fiye da 300 suka rasu, abin da ya sa Saudiyya ta koma amfani da tantunan da wuta ba ta saurin kama su.

Me ya sa mai ciki ta fi shiga haɗari?

Bayan mako 12 mahaifa takan fara fitowa daga cikin ƙashin ƙugu, ta rasa kariyar da yake ba ta. Yayin da ciki ke girma nauyi yana rinjaya gaba, gaɓoɓi suna saki, tashi daga tabarma yana ɗaukar lokaci. Idan rumfa ta fara tangaɗi jama'a suka zabura, mai ciki ce ake bari a baya, ko a ture ta. Sau da yawa turmutsitsin ya fi faɗuwar rumfar yin ɓarna.

Abin da muka fi tsoro shi ne rabuwar mabiyiya daga jikin mahaifa kafin haihuwa. Ta mabiyiya jariri ke samun abinci da iskar shaƙa. Mahaifa tana lanƙwasa idan an buge ta, mabiyiya kuwa ba ta iya bin ta, sai ta ɓanɓare. Ko bugu kaɗan yana iya jawo haka. Wani lokaci jinin yakan taru a bayan mabiyiya bai fito waje ba, uwa tana zubar da jini a ciki alhali zanenta a bushe yake. Bugu kuma yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci, a haifi bakwaini.

Abin da mai ciki za ta kiyaye

1. Ki zauna a gefen rumfa kusa da mafita, kada ki shige tsakiya.
2. Ki nisanci ƙafar ƙarfe, lasifikar da aka rataya da kuma bakin dandamali.
3. Kada ki hau benci ko kujerar roba don leƙe.
4. Ki lura da igiyoyi, turaku da wayoyin lantarki da ke ƙasa, musamman da dare.
5. Da zarar hadari ya haɗu ko iska ta fara kaɗa tamfol, ki tashi ki shiga ginannen ɗaki. Rumfa da gindin itace ba sa kare mutum daga tsawa.
6. Kada ki zauna kusa da janareto. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari da ke hana jini ɗaukar iska, kuma ta fi illa ga jaririn da ke ciki. Ciwon kai da jiri su ne alamun farko.
7. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Ki tafi da ruwan sha, kada ki daɗe a ƙarƙashin kwano.
8. Wajen rabon abinci ko kayan tallafi, ki aika wani ya karɓo miki.

Nauyin da ke kan maigida da masu taro

A kafa turaku da zurfi, a ɗaure kowace kusurwa, dutse ko bulo ɗaya a gindin ƙarfe bai isa ba. Kada a karɓi kanofi mai tsatsa ko wanda aka ɗaure karayarsa da tsumma. A nisanta rumfa daga wayar wuta ta sama, a kai murhu da tukunyar gas nesa da zana. A bar hanyar fita aƙalla biyu, kada a toshe su da babura. A sa mutum ɗaya ya riƙa duban sama, idan ya ce a tashi, a fara fitar da masu ciki, yara da tsofaffi a natse.

Idan tsautsayi ya auku

A ɗage abin da ya danne ta a hankali, kada a ja ta da ƙarfi. Idan tana kukan wuya ko baya, a ɗauke ta a kan katako ko ƙyaure ba tare da lanƙwasa ta ba. Idan cikin ya kai wata 5 kada a bar ta rigingine, a karkata ta ɓangaren hagu don jini ya riƙa gudana sosai. A danne rauni da tsabtataccen ƙyalle. Kada a murza cikin ko a gasa shi, kada a ba ta jiƙo ko maganin kemis.

Duk mai cikin da ta faɗi ko aka bugi cikinta, a kai ta asibiti a ranar, ko da ta ce lafiya lau take. A gaggauta ƙwarai idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: zubar jini ko ruwa, ciwon mara ko baya, ciki ya yi tauri kamar dutse, jariri ya rage motsi, jiri ko suma.

A asibiti za a auna jininta, a saurari bugun zuciyar jariri, a kuma riƙe ta aƙalla awa 4 zuwa 6, wani lokaci har kwana guda. Kada 'yan'uwa su matsa a sallame ta don an yi hoton ciki ba a ga komai ba, domin hoto ba ya nuna kowace rabuwar mabiyiya. Idan rukunin jininta negatif ne, akwai allurar da ake so a yi mata cikin awa 72. Idan ƙusa ko kwano ya yanke ta, za a duba katinta a ga ko ta cika allurar tetanus. Saboda haka katin awo ya kasance cikin jakarki duk inda za ki.

Mun san tafiyar dare tana da wuya a hanyoyin gabashin Sakkwato saboda matsalar tsaro. Don haka kada a ce a bari sai an ga jini. A fara zuwa asibiti mafi kusa tun da rana, su za su turo ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo idan da buƙata. Maigida, ka ba da izini tun yanzu cewa ko ba ka nan a kai ta, ka kuma tanadi kuɗin mota da lambar direba. Iyayen miji, ku ne kuke gida da ita, kada kunyar cikin fari ta sa a ɓoye faɗuwa.

Riga-kafi ya fi magani. Mai tambaya ta same mu a ɗakin awo. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da za a haifa, amin.