Kwana biyar a Italiya: birane nawa za su shiga?

Tambaya: Ni da uwargida mun samu biza, kuma kwana biyar muke da su a Italiya. Muna so mu ga Roma, Fulorens, Fisa da Benis. Zai yiwu? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Malam, zai yiwu, sai dai ciwon ƙafa da hotunan tashar jirgi za ku kawo mana tsaraba. Ni dai shawarata, ku yi kwana uku a Roma, biyu a Fulorens. Benis kuwa a bar ta sai wani jiƙon.

Ba nisa ne matsalar ba. Jirgin ƙasa mai gudu, Frecciarossa ko Italo, awa ɗaya da rabi yake yi daga Roma zuwa Fulorens. Ɗaure kaya, neman masauki da tsayuwa a layi su ke cinye yini. Balle Benis, inda mota ba ta shiga: gadojinta sun haura 400, akasarinsu masu matakala ne. Ka kwatanta kanka da akwati biyu kana hawa kana sauka, uwargida na tambayar ko an kusa.

A Roma, sayi tikitin Kolosiyam ta intanet tun kana gida, domin da lokacin shiga ake sayar da shi. An buɗe wannan fili a shekara ta 80 miladiyya, kuma tikitin ya haɗa da kufan tsohon dandalin birnin da ke gefensa, don haka ka ware musu yini guda. Gidan tarihin Batikan yana rufe ran Lahadi, in ba Lahadin ƙarshen wata ba. Idan Juma'a ta same ku, akwai Babban Masallacin Roma a arewacin birnin, wanda aka buɗe a 1995.

Fulorens da ƙafa ake zagaya ta, amma kada Litinin ta zama ranar kallonku, don gidan zane-zane na Uffizi ba ya buɗewa. Ƙubbar babbar majami'ar garin, wadda Brunelleschi ya kammala a 1436, matakala 463 gare ta, kuma babu lifta; a tambayi gwiwa kafin a sayi tikiti. In hasumiyar Fisa mai karkata ta tsaya muku a rai, tafiyar kamar awa ɗaya ce daga nan a ƙaramin jirgi, rabin yini ya isa. Tikitin takarda na irin wannan jirgi sai an buga masa hatimi a na'urar tasha kafin a hau. A gabana aka ci wani bawan Allah tara saboda mantuwar haka, magiya ba ta yi masa rana ba.

Sai abinci. Taliyar carbonara da naman alade ake yin ta, don haka riƙe kalmomin nan biyu, "senza maiale", wato ban da alade. Wuraren abincin halal suna nan da yawa a kewayen tashar Termini da ke Roma, sai dai a unguwar a riƙa lura da aljihu.