Darasi: Mai Bibiya Ba Masoyi Ba Ne

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Toranke da kewayen Gaya da Ajingi mun san irin wannan labari. Yarinya ta ce ba ta son saurayi, shi kuwa ya riƙa tare ta a hanyar rijiya da ta kasuwa, yana kiranta a waya tsakar dare. Ko mace ta yi yaji, mijin yana aika mata da barazana. Mukan ce so ne, zai huce. Darasinmu na yau ya nuna haɗarin wannan magana.

Laura Richards ta yi shekara 10 tare da 'yan sandan Landan tana nazarin halin masu laifi. Ta lura cewa kisan mata ba ya zuwa kwatsam, alamu sukan riga shi. A 2009 ta tsara jerin tambayoyin da 'yan sanda ke auna haɗari da su. Ta shiga gwagwarmayar da ta sa bibiya ta zama laifi a Ingila a 2012.

A ƙasarmu, Hajiya Saudatu Mahdi, 'yar Katsina, ta ƙungiyar WRAPA da aka kafa a 1999, tana cikin waɗanda suka yi shekaru suna neman dokar hana cin zarafi. An sa wa dokar hannu a 2015, kuma ta ambaci bibiya da sunanta: ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tara, ko duka biyu. A Abuja take aiki kai tsaye, jihohi sai sun yi tasu.

Alamun haɗari:
1. Ya taɓa shaƙe ta.
2. Ya ce zai kashe ta ko kansa.
3. Yana bin sawunta bayan sun rabu.
4. Ya raba ta da danginta.

Idan mace ta kawo kuka, mu gaskata ta. Kada mu gaggauta mai da ita ɗaki da sunan sulhu, domin lokacin rabuwa shi ne mafi haɗari. Mu raka ta wurin mai unguwa da 'yan sanda, a rubuta ranar kowace barazana.

Tambaya domin Zumuntar Mata: in wata ta gudo da dare, gidan wa za ta ƙwanƙwasa? Mu zaɓi gidan tun wannan mako.